Sautuka Biyu Kacal Suka Rage Maka: Koyon Kiɗan Jaz na Nan Take a Jita ta Hanyar Bidiyo

Yawancin masu koyon jita ta waya a nan Kano wuri guda suke cijewa. Sun iya kama kod, wato sautukan da ake kaɗawa tare a lokaci guda, shida ko bakwai, sun haddace akwatin fentatonik, wato tsanin sauti biyar, da ke gaɓa ta 5, yatsu kuma suna gudu. Amma da an kunna musu kiɗan rakiya na jaz, sai ka ji suna ta hawa da sauka kamar mai kai-komo a kan tsani. Dalili shi ne bidiyo ido yake ciyarwa. Kana kallon inda malamin ya ajiye yatsa, kai ma ka ajiye naka, kunne kuwa yana zaman jira. Shi ko kiɗan nan take, wanda ake ƙirƙira a lokacin da ake kaɗa shi, a kunne yake tsirowa.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Gaɓa ita ce tazarar da ke tsakanin sandunan ƙarfe biyu a wuyan jita, kamar gaɓar rake. Tsarkiya ta 1 ita ce siririya, ta 6 mai kauri, kuma daga mai kaurin ake ɗaure su E, A, D, G, B, E. Gida ɗaya bugu huɗu ne.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Wanda ya tashi yana jin garaya da gurmi da goge, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, ko jitar Buzayen Agadas irin ta Bombino da Mdou Moctar, kunnensa ya riga ya jiƙu da tsanin sauti biyar. A ki na C, wato idan C ne sautin da kiɗan ke komawa ya zauna a kansa, sautukan nan su ne C, D, E, G, A, wato do, re, mi, so, la a bakin makaɗan cocin Sabon Gari. Biyu ne babu a ciki: F da B, fa da ti. Abin da ya kamata kowane mai koyo ya sani tun ranar farko shi ne, a jerin kod ɗin da jaz ya fi yawan takawa, waɗannan biyun ne ke riƙe da ragamar tafiyar.

Jerin shi ne wanda ake kira 2-5-1. A ki na C yana nufin kod ɗin da aka gina a kan sauti na 2, na 5 da na 1 na tsanin: Dm7, sai G7, sai Cmaj7. Kada ka fara da manyan kamu masu cinye yatsu huɗu da ake nunawa a wasu darussa. Sauti uku sun wadatar. Dm7: tsarkiya ta 5 gaɓa ta 5, ta 4 gaɓa ta 3, ta 3 gaɓa ta 5. G7: tsarkiya ta 6 gaɓa ta 3, ta 4 gaɓa ta 3, ta 3 gaɓa ta 4. Cmaj7: tsarkiya ta 5 gaɓa ta 3, ta 4 gaɓa ta 2, ta 3 gaɓa ta 4. Sauran tsarkiyoyin ka kwantar musu da gefen yatsa su yi shiru.

Yanzu ka zuba ido a kan tsarkiya ta 3 da ta 4 kawai. Daga Dm7 zuwa G7, F na zaune inda yake, C ne ya sauko gaɓa ɗaya ya zama B. Daga G7 zuwa Cmaj7, B ya zauna, F ya sauko gaɓa ɗaya ya zama E. Iyakar motsin ke nan, yatsa ɗaya yana matsawa gaɓa ɗaya. Ka kaɗa shi a hankali sau ashirin, ka rera tsarkiya ta 3 da bakinka, sannan ka rera ta 4. Wannan 'yar zamewar ita ce abin da kunne ke ji ya ce kiɗan nan jaz ne. Wanda bai iya rera ta ba, ko bidiyo ɗari ya kalla, kwaikwayon hannu kawai yake yi.

Sai a koma akwatin gaɓa ta 5 da ka saba da shi, a shigar da baƙin nan biyu. F yana tsarkiya ta 2 gaɓa ta 6, yana kuma ta 5 gaɓa ta 8. B yana tsarkiya ta 3 gaɓa ta 4, yana kuma ta 1 gaɓa ta 7. Ka naɗi kod ukun a wayarka, gida ɗaya Dm7, gida ɗaya G7, gida biyu Cmaj7, ka maimaita na minti uku. Da ka kunna, sauti ɗaya tak za ka kaɗa a farkon kowane gida: F a kan Dm7, B a kan G7, E a kan Cmaj7. Kwana uku ana wannan bai yi yawa ba. Bayan haka sai ka cike tsakani da fentatonik ɗinka yadda ranka ke so, da sharaɗin cewa bugun farko na kowane gida ya same ka a kan sautin da aka ambata.

A nan ne ake yin tuntuɓe biyu, kuma tushensu ɗaya. Idan ka tsaya a kan C alhali G7 na ƙara, za ka ji wani ɗaci, domin B na cikin kod ɗin kuma gaɓa ɗaya ce tsakaninsu. Haka F a kan Cmaj7, yana gogayya da E. Ba haramun ba ne a bi ta kansu, zama ne ba a yi. Idan ka tsinci kanka a can, sauko gaɓa ɗaya, ka iso gida.

Idan wannan ya zauna, akwai dabarar kewaye. Kana nufin E a tsarkiya ta 2 gaɓa ta 5, sai ka ƙi zuwa kai tsaye. A bugu na 4 ka kaɗa gaɓa ta 6, a rabin bugun da ke biye ka kaɗa gaɓa ta 4, sannan E ya faɗo daidai kan bugu na 1. Sautin gaɓa ta 4 ba ɗan gida ba ne a ki na C, amma da yake a tsakanin bugu ya wuce kuma nan da nan ya miƙa wuya, kunne sai ya ɗauke shi a matsayin yaji. Idan ka juya tsarin, baƙon ya faɗa kan bugu na 1 ka kuma daɗe a kansa, sai ya zama kuskure tsagwaronsa. Masu koyo da yawa sun san sautukan kewaye, lokacin ajiye su ne ba su sani ba, kuma bidiyo ba kasafai yake tsayawa ya nuna wannan ba.

Maganar lokaci kuwa ita ce rabin aikin. A jaz ba a raba bugu kashi biyu daidai. Na farko dogo ne, na biyu gajere, kusan kashi biyu da kashi ɗaya cikin uku idan kiɗan na tafiya a tsakaitsaki, kuma tazarar tana raguwa idan ya yi sauri. Ka sauke manhajar metronom, mai ƙyas-ƙyas ɗin ƙirga bugu, ta kyauta, ka sa ta a 50, ka ɗauki kowane ƙyas a matsayin bugu na 2 da na 4. Saurin kiɗan ya zama 100 ke nan, kai ne kuma za ka samar da 1 da 3 a cikin jikinka. Da farko ƙyas ɗin zai riƙa juye maka ya koma 1. Maganinsa ka ajiye jitar, ka ƙirga da baki kana tafi a 2 da 4 har sai ya daina kuɓucewa. Makaɗin jita Freddie Green ya yi kusan shekara 50 a ƙungiyar Count Basie yana buga kod sau huɗu a kowane gida, da wuya a ji shi ya fito shi kaɗai, amma a kansa ƙungiyar ke jingine. Ka yi irin nasa da kamun nan uku, minti biyar kullum.

To, yaya ake cin moriyar bidiyon kansa? Darasi ɗaya a mako ya isa, kuma daga cikinsa jimla ɗaya, mai tsawon gida biyu zuwa huɗu. Ka sauke shi da daddare lokacin da data ta fi araha, a 480p, wanda ya isa a ga yatsu. Amfanin saukewa biyu ne: ba za ka ƙona data wajen maimaitawa ba, kuma za ka iya kashe intanet ɗin don kada wani bidiyon ya ja ka. A YouTube ana rage gudu zuwa 0.75 ko 0.5 ba tare da sautin ya sauka ba. Ni dai 0.75 nake ba da shawara, domin a 0.5 lanƙwasar jimlar tana mutuwa, a 0.25 kuwa sautin ya dagule. Mai kwamfuta yana iya danna J ya koma baya daƙiƙa 10, idan kuma ya tsayar da bidiyon, waƙafi da aya suna matsar da hoton ɗaya bayan ɗaya.

Ga tsarin da ya fi haifar da ɗa mai ido. Kifa wayar, ka saurari jimlar sau goma. Rera ta. Nemo ta a wuyan jita da kanka, ko da zai ci minti ashirin. Sai bayan haka ka buɗe ido ka ga yatsun da malamin ya yi amfani da su. Daga nan ka tambayi kanka: a kan wane kod kowane sauti ya faɗo, kuma ina F da B suke? Sannan ka matsar da jimlar gaɓa biyu sama ta koma ki na D, ka sauya mata ƙarshe, ka yanke rabinta ka ƙarasa da naka. Jimlar da ba ka taɓa sauya wa kama ba har yanzu ta malamin ce, aro ka yi.

A kula da abu biyu da ke rikita sabon shiga. A rubutun tab, mai layi shida da lambobin gaɓa a kansu, layin ƙasa shi ne tsarkiya mai kauri, mutane da yawa kuwa a kife suke karanta shi. Sannan wasu malaman da kyamarar gaba suke ɗauka, hoton ya juye kamar madubi. Malamin da ya cancanci lokacinka shi ne wanda ke faɗin sunan kod ɗin da ke ƙasa, yake kaɗa misalin tare da kiɗan rakiya, yake kuma ƙirga bugu. Wanda ya jero maka tsani bakwai masu sunayen Girkanci a darasin farko, ka ajiye shi sai baɗi.

Kada sauraro ya tsaya kan malaman intanet. Charlie Christian, wanda ya shiga ƙungiyar Benny Goodman a 1939 ya rasu a 1942, jimlolinsa gajeru ne, a fili suke. Grant Green ma haka, kuma yana da maimaici irin wanda kunnen da ya saba da amshi zai gane nan take. Wes Montgomery da babban yatsa yake kaɗawa. Lionel Loueke ɗan Jamhuriyar Benin ne, maƙwabciyarmu, ya yi aiki da Herbie Hancock bai kuma yar da kiɗan gida ba. Abin lura a wurinsu duka shi ne shiru. Suna faɗin magana, su numfasa, su ba da amsa, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Ka gwada: gida biyu kiɗa, gida biyu shiru, ka naɗa a waya ka saurara washegari.

Filin gwaji na gaba shi ne bulus (blues), salon kiɗa mai gida 12, a ki na F: F7, Bb7, F7, F7, Bb7, Bb7, F7, D7, Gm7, C7, F7, C7. Gida na 9 zuwa na 11 2-5-1 ne. Daga F7 zuwa Bb7 kuma zamewar nan ce dai: A a tsarkiya ta 1 gaɓa ta 5 ya sauko gaɓa ta 4.

Duk wannan ba zai yiwu a kan jitar da ke faɗa da kai ba, yanayin Kano kuwa ba ya raga wa katako. Jita ta fi son damshin iska na kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, hunturu kuwa yana sauke shi ƙasa da haka nesa. Katakon wuya sai ya tsuke, bakin sandunan ƙarfe ya fito yana yankar hannu, fuskar jitar katako ma tana iya tsagewa. Ka jiƙa soso ka matse shi sosai, ka sa a robar sabulu mai huda, ka ajiye cikin jakar jitar ba tare da ya taɓa katakon ba, ka riƙa duba shi duk bayan kwana biyu. Da zafin Maris da Afrilu kada ka bar ta a mota ko jikin bangon da rana ke duka, gam ɗinta na iya saki. Tsayin tsarkiya ta 6 a gaɓa ta 12 ya kasance wajen milimita 2 a jitar lantarki, 2.5 a ta katako. Katin ATM uku a haɗe sun kai kusan 2.3, sai ka auna da su. Idan tazarar ta wuce haka sosai, kamun kod zai gajiyar da kai kuma sautin zai riƙa haurawa. Sandar da ke cikin wuya, wadda ke daidaita lanƙwasarsa, ana juya ta rubu'in zagaye ne kawai a bar ta ta kwana, in ta cije kuma a kai wa mai gyara.

Mai jitar lantarki ya zaɓi makarɓin sautin da ke kusa da wuya, ya rage maɓallin kaifi zuwa 4 ko 5, ya sami abin kaɗawa mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5, domin siriri lanƙwashewa yake yi ya jinkirta sautin. Tsarkiya mai lamba 11 ta fi mai lamba 9 cikar murya. Idan ta waya kake bi da sautin jitar, yi amfani da abin kunne mai igiya, na Bluetooth yana jinkiri har ya ɓata maka bugu. In kuwa ka jona amfilifaya a soket ko janareta ka ji tsarkiya tana ɗan jan yatsa, zare filogin nan take. Alama ce ta cewa wutar ba ta da wayar ƙasa, kuma sai mai gyaran wuta ya duba kafin ka sake jonawa.