Kafin a kai yaro koyon gyaran babur a Tawa

A Tawa, inda kabu-kabu ke zirga-zirga tun asuba, mai gyaran babur ba ya rasa na cefane. Shi ya sa iyaye ke kai yara garaji. Sai dai wani yaron shekara uku ta ishe shi ya tsaya da ƙafarsa, wani kuwa ya shekara biyar bai wuce miƙa kile ba. Sau da yawa ba ƙwaƙwalwa ce ta raba su ba, yadda aka bi da su ne.

Abin da ya kamata apranti ya fara riƙewa shi ne bin ciwo daki-daki. Babur ya ƙi tashi? A duba wuta, sannan mai, sannan iska, kafin a taɓa cikin inji. A kwance buji, a jingina shi a jikin inji, a buga kik: in tartsatsin shuɗi ne mai ƙarfi, wuta lafiya lau. Bakin bujin kansa yana ba da labari. Baƙi busasshe, mai ya yi wa iska yawa, galibi matatar iska ce ta toshe da ƙurar hunturu. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa, a zargi zoben piston. Fari fat, mai ya yi kaɗan, injin na cin zafi. Tazarar bakin buji a ƙananan babura milimita 0,6 zuwa 0,7 ce. Yaron da bai san wannan ba, sai ya yi ta sa mai babur sayen sababbin kaya har a dace, kuma irin wannan makaniken ne ke kashe wa garaji suna.

Man kwalba na bakin hanya yakan zo da ruwa da datti. Akwai ɗan noti a gindin karburato, a sassauta shi a tsiyaye a murfin gwangwani. Ruwan zai kwanta a ƙasa, ana ganinsa ƙuru-ƙuru.

Sai nauyin hannu, wanda ba a koyonsa da kallo. Jikin inji alminiyom ne, noti kuwa ƙarfe. Sabon yaro gani yake ɗaurewa da ƙarfi ita ce gwaninta, sai ya murɗe notin juye baƙin mai har haƙoran ramin su cinye, aikin minti goma ya koma na yini. A fara ɗaura kowane noti da yatsu. In ya cije tun farko, a karkace ya shiga, a dawo da shi. Baƙin mai ana juye shi injin na da ɗumi, abin da ake zubawa kuwa bai cika wuce lita ɗaya ba. Saitin supaf, wato 'yan ƙofofin da ke shigar da mai da iska cikin inji su fitar da hayaƙi, akasin haka ne: sai inji ya huce sarai, alamar T, wadda ke nuna piston ya kai can sama, ta zo daidai, tazara tsakanin milimita 0,05 da 0,08 gwargwadon injin. In aka matse ta babur ya ƙi tashi da safe, in aka sake ta ya riƙa ƙas-ƙas. Sarƙa a bar mata wasan santimita 2 zuwa 3.

Duk wannan sai maigida ya yarda ya saki aiki. Nan iyaye ke sakaci: a damƙa yaro, a ce "Malam, ga ɗanka nan", a yi addu'a a watse. Amana ba ta hana magana. A yanke shekara nawa zai yi, nawa ne kuɗin abincin rana, wa zai biya in ya ɓata kayan mutane, da kayan aikin da zai fita da su ranar yaye. Share garaji da wanke kaya da kalanzir wani ɓangare ne na koyo, amma in wata shida ta wuce yaro aiken gidan maigida kawai yake yi, iyaye su je su zauna da maigidan.

Kada kuma a raina takarda. Cibiyoyin koyon sana'a na CFM suna nan a garuruwa da dama, asusun FAFPA kuma yana tallafa wa horon masu koyon sana'a. Can ne yaro ke koyon karanta awo da zanen wayoyin wuta, abin da tsofaffin garaji da yawa ba sa koyarwa, ga shaidar da zai nuna ranar da wata ma'aikata ta nemi makanike.