Ƙauyenmu a bakin fadama: kifi, jan baki da kacalla

Ƙauyenmu yana gabas da Haɗejiya, a ƙasar Kiri Kasamma, cikin fadamar nan da ta miƙe har Nguru. Idan baƙo ya bugo waya ya ce zai zo, ba ma gaya masa nisan hanya, don nisan ba ɗaya ba ne kullum. Da rani ɗan acaɓa zai kawo shi har ƙofar gida, ya sha ƙura ya ƙoshi. Daga watan Agusta zuwa wajen Nuwamba kuwa sai ya sauka daga babur, ya naɗe wando, ya jira kwalekwale. Ni malamin firamare ne a nan, ina da 'yar gonar shinkafa da na gada, kuma ranar da babu makaranta nakan bi Kawu, ƙanin mahaifiyata, zuwa ruwa. Shi masunci ne tun tasowarsa. Ni ɗan rakiya ne, kuma bai taɓa ɓoye mini haka ba.

Ruwan da ke juya rayuwarmu ba na samanmu ba ne. Sai a yi kwanaki ba a ga ɗigo ba a nan, mu wayi gari kogi ya cika ya tumbatsa, saboda an kwana ana sheƙa ruwa a ƙasar Kano. Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗejiya, ya biyo ta Wudil da Ringim ya iso wajenmu, ya rarrabu cikin fadama, wani hannun ya nufi Nguru, wani ya je ya haɗu da Kogin Jama'are kusa da Gashuwa, daga can su tafi Tafkin Chadi. A 1974 aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 aka gama ta Challawa. Dattawan garinmu ba sa riƙe waɗannan shekarun a ka, amma duk labarinsu kashi biyu ne: kafin Tiga da bayan Tiga.

Kafin Tiga, in ji su, ruwa yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Ya zo da damina ya rufe fadama, manomi ya samu shinkafa, kifi ya shiga ciyawa ya hayayyafa. Ya fara janyewa, masunci ya bi shi, manomi kuma ya bi danshi ya shuka wake. Ƙasa ta bushe, Fulani su sauko da shanu su ci ciyawa su bar taki. Fili ɗaya, mutum uku, kowa da watansa. Yanzu ana sako ruwa daga madatsa har tsakiyar rani saboda noman rani da ruwan shan birni, hanyoyin ruwan da a da suke bushewa ba sa bushewa, laka tana taruwa, kuma abin da kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan da ta cinye mana fadama, ke so ke nan. Ba na cewa madatsa ba ta da amfani, ni ma alkamar rani da tumatir ina ci. Sai dai wanda ya buɗe ƙofar ruwa a can bai san gonar wa ta nutse a nan ba.

Wanda bai taɓa shiga cikin kacalla ba ba zai gane abin da muke kuka da shi ba, don daga bakin titi kyakkyawa ce, koriya shar. Ku biyo mu wata safiya ta hunturu.

Ana idar da sallar asuba muke fita, hazo ya rufe ko'ina, sanyi yana shiga har ƙashi. Kawu yana tsaye a bayan kwalekwale da gwangwala, ni ina zaune a tsakiya da yankakkiyar jarka ina kwarfe ruwan da ke tsattsafowa ta tsakanin katako. Da mun bar bakin gari sai mu shige wani lungu da aka sare cikin kacalla, faɗinsa daidai jirgi ɗaya. Ciyawar ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, hagu da dama ba ka ganin komai, sama kaɗai. Kanta ruwan ƙasa ne, dogo, kamar zangarniyar gero, in ya bushe ka taɓa shi sai ya fashe iska ta kwashi irin ta watsa ko'ina. Ƙasa kuma saiwarta ta sarƙe, in ka sare ta a sama ka bar ta, kafin ka juya ta sake tofowa. In jirgi biyu suka yi karo a lungun, dole ɗaya ya koma da baya, kuma ƙaramin cikin masu jirgin ne ke komawa. Kawu bai taɓa komawa ba a gabana.

Akwai wurin da ruwa ya yi ƙasa har jirgi ya dafe a laka.

"Malam, sauka ka tura," in ji Kawu. Malam yake ce mini in zai sa ni aikin wahala.

"Kawu, akwai matsattsaku a nan fa."

"To su ma ai Allah ne ya yi su. Sauka."

Na sauka, laka ta kama ni har cinya, na tura. Da na hau na tarar da guda biyu sun maƙale a ƙwaurina. Ba a fizge su da ƙarfi, bakin wurin sai ya yi ta zubar da jini. Kawu ya kwance ƙullin gishirin da yake yawo da shi a aljihu, ya barbaɗa musu, suka naɗe suka faɗi.

Bayan lungun akwai ɗan sarari, abin da ya rage na wani tafki da Kawu ya ce a yarintarsa ba a hango ƙarshensa. A nan ya kafa kalli, wato ragar kamun kifi, tun yammacin jiya, ya kuma jera mali, wato tarkon kifi, a gindin ciyawa da dusa a ciki. Ɗaga kalli aiki ne na haƙuri: ka jawo a hankali, ka zare kifi ɗaya bayan ɗaya kada raga ta yage. Yawanci karfasa ce, ƙanana, sai tarwaɗa jefi-jefi. Ƙurungu ne mai wahala. Da ka kama shi zai miƙar da ƙayoyinsa su kafe, yana wani gurnani, kuma in ya soke ka a yatsa ranar ba za ka riƙe alli ba. Kawu yakan kama shi ta bayan kai, ya karya ƙayar da ɗan yatsa, ƙas, ya jefa cikin jirgi ko kallo bai yi ba. Ranar mun samu bargi ɗaya mai kauri, shi ne ya sa Kawu ya yi waƙa a hanyar dawowa. Giwan ruwa kuwa yaran ajina a labari suke jin ta.

A sararin nan muka tarar da wani tsoho a kan gora. Har yanzu akwai masu yin haka: ƙatuwar gora mai baki a sama, mutum ya kwanta a kanta da ciki, yana tuƙi da hannu da ƙafa, kifin da ya kama ya zura a ciki. Ba mai, ba katako, ba ƙara da za ta kori kifi. Suka gaisa da Kawu, ya ruwa, ya sanyi, ya iyali, kowa ya ce ruwa babu komai, alhali kowa yana jin motsin kifi a wurin ɗan'uwansa. Masunci ba ya faɗin abin da ya kama.

In an dawo gida aikin ya koma hannun mata. Su za su fafe, su wanke, su lanƙwasa tarwaɗa kai ya haɗu da wutsiya, su jera a kan wayar banda, hayaƙi ya yi ta aikinsa. Abin da ya taru a zuba a kwali a kai kasuwar Haɗejiya, daga can 'yan kasuwa su loda zuwa Kano da Kudu. Inna takan ware ƙananan ta ce na miyar kuka ne, ba mai taɓa su.

Kacalla ba tafki kaɗai ta cinye ba. Ita ce masaukin jan baki. Tsuntsun nan ƙanƙane ne, bai cika tafin hannu ba, amma in garkensa ya taso da safe sai ka ga sama ta yi duhu ta gefe guda. Lokacin da shinkafa ta fara ɗaukar ido, duk gidan da ke da gona sai ya tura yara tsaro tun kafin rana ta fito. Ana kafa rumfa a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, yaro ya zauna yana ja yana ihu, wani yana harbi da majajjawa, har magariba. A watannin nan rajistar ajina tsuntsu ne ke rubuta ta. Na je gidajen iyaye na yi magana, kuma amsar ba ta da wuya: "Malam, in ya zauna a aji, kai za ka ciyar da mu?" Ba ni da abin cewa, don gonata ma ɗan yayata ne ke tsaronta ranar Asabar da Lahadi, sauran kwanakin kuma biya nake yi. Wani lokaci gwamnati takan turo jirgin sama ya yi feshi a makwancinsu, a samu sauƙi na ɗan lokaci. Akwai kuma masu shiga kacalla da dare da raga su kamo su buhu-buhu, a fige a soya, a barbaɗa yaji a sayar a tasha. Yana da daɗi, ba zan yi ƙarya ba, kuma wanda aka cinye wa shinkafa ya fi kowa jin daɗinsa.

Rani in ya yi nisa, wuraren da har yanzu suke bushewa su ne filin wasan yara. A nan ake haƙar gaiwa. Kifi ne da idan ruwa ya ƙafe yake nutsewa cikin laka ya naɗe jikinsa, ya bar 'yar kafa ta numfashi, ya zauna haka har damina ta dawo. Yara sun san kafar. Za ka gan su a busasshiyar fadama, ƙasa ta tsattsage, suna bi da fartanya suna duba, can sai ka ji ihu, an fito da dunƙulen laka an fasa, ga kifi a raye a inda babu ko cokali ɗaya na ruwa. Daga nan su wuce dajin goruba da jifa, su dawo leɓe duk ya yi ja da gwaguya, mata kuma su yanko kaba ta tabarma da igiya. Da kaka kuwa bado suke bi. Abin da ke damuna da wankan kogin nan nasu shi ne tsargiya. Yaro zai yi ta fitsarin jini yana ɓoyewa, wasu ma gani suke alamar girma ce. Duk zangon karatu sai na yi wannan maganar a aji.

Ba mu da nisa da Baturiya, inda tsuntsaye ke taruwa. Ɗinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela namu ne na gida, amma da hunturu akwai waɗanda ke tasowa tun daga Turai, su ƙetare Sahara su sauka a nan, su koma kafin bazara ta ƙare. Saboda su aka sa wurin cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mai da shi gandun daji na ƙasa. Baƙi sukan zo da madubin hangen nesa da manyan kyamarori, ɗaliban jami'a su zo da littafin rubutu. Ina jin daɗin zuwansu, nakan ma kai yaran aji su gani. Kawu dai ya taɓa tuƙa wasu, ya dawo yana mamaki: sun biya kuɗin jirgi na yini guda, ba su kama komai ba, kuma suna ta godiya. Ra'ayina shi ne, duk mai son tsuntsun nan ya ci gaba da sauka to ya taya mu faɗa da kacalla, don agwagwar ruwa sarari take nema kamar yadda masunci yake nema.

Ambaliyar 2022 ta nuna mana sauran abin. Ruwa ya zo da yawa, hanyarsa ta toshe da ciyawa da laka, sai ya bi ta gonaki da gidaje. Mun kwana a kan jinga muna cika buhu da ƙasa da fitilar waya, gidajen ƙasa suna zubewa a bayanmu, iyalai suka koma ajujuwan makarantarmu da awaki da tukwane. Bayan nan an ga injinan nan masu shiga ruwa suna yashe wasu manyan hanyoyin kogi, kuma inda suka bi an ga bambanci. Amma inji ba ya shigowa ƙananan lungunan da ke kawo ruwa tafkinmu. Wannan sai gayya.

Mai unguwa ya riga ya sa an yi shela: Asabar mai zuwa, bayan sallar asuba, kowane gida namiji ɗaya da lauje ko adda. Yankan ƙasan ruwa za a yi, don in ruwa ya rufe kututturen ya shaƙe shi ya fi daɗewa bai tofo ba, ke nan mutum zai wuni a ruwa har ƙirji. Mata za su dama kunu su kawo bakin gaɓa. Rigimar da ake yi yanzu a majalisar ƙofar masallaci ita ce ta mutanen ƙauyen da ke gaba da mu: in mun buɗe hanya su ma ruwa zai isa gonakinsu, amma bara mutum kaɗan suka turo, su ma sai da rana ta take. Kawu ya ce bana shi zai je da kansa ranar Juma'a ya gaya wa sarkin ruwansu, kuma ni zan kai shi a babur.