Cinikin Gretzky da gonar Baba

Watana bakwai ke nan a Edmonton, wani birni a ƙasar Kanada, amma har yau in na tuna abin da na faɗa a ɗakin cin abinci na wurin aikinmu sai kunya ta rufe ni.

Ranar sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili. Mun fito hutun rana, ina ɗumama shinkafata, abokan aiki na ta musu kan Oilers, ƙungiyar hokin ƙanƙara ta garin. Yadda majalisar ƙofar gidanmu ke raba dare kan Kano Pillars, haka su ma suke, sai dai su tsofaffin ciniki suke tonowa: wa aka sayar, wa aka karɓo, wa aka cuta. Wani ya ɗauko maganar Taylor Hall, wanda aka ba New Jersey a 2016 aka karɓi mai tsaron baya Adam Larsson, ɗaya da ɗaya babu ciko, bayan shekara biyu Hall ya zama gwarzon gasar baki ɗaya. Daga nan hira ta gangara kan Wayne Gretzky, tsohon tauraron Oilers da ake ɗauka a matsayin ɗan wasan hoki mafi shahara a tarihi.

Ni kuwa dare da yawa na yi ina karanta tarihin ƙungiyar, don na gaji da zama kamar kurma a cikinsu. Na haddace komai. Ranar 9 ga Agusta 1988 mai ƙungiyar, Peter Pocklington, ya miƙa Gretzky da wasu 'yan wasa biyu ga Los Angeles Kings, ya karɓi dala miliyan 15, da Jimmy Carson da Martin Gelinas, da damar zaɓen matasan 'yan wasa a zagayen farko har sau uku. Sai na buɗe baki da ƙarfin gwiwa na ce ai cinikin bai ɓaci ba, tunda Oilers sun sake ɗaukar kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, a 1990 ba tare da shi ba, shi kuwa bai ƙara ɗaga kofin ba har ya yi ritaya a 1999.

Ɗakin ya yi tsit. Wani dattijo mai tuƙa motar ɗaga kaya, wanda shi ya fara nuna mini irin safar hannun da zan saya lokacin da na zo, ya ajiye kofin shayinsa a hankali. Ya ce, “Yaro, kana ina a 1988?” Na ce ba a haife ni ba. Ya ce shi yana cikin motar mahaifinsa aka faɗa a rediyo, tsohon ya gangara gefen titi ya kashe mota, suka daɗe babu mai magana. “Kofi huɗu ya kawo mana cikin shekara biyar,” in ji shi. “Ko wata guda ba a yi ba da ɗaura aurensa a garin nan.” Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauki hularsa ya fita, shinkafata ta huce a gabana.

Mu a gida in an sayar da ɗan wasa waje murna muke yi. Da Ahmed Musa ya bar Pillars ya tafi Holan a 2010, addu'a aka bi shi da ita, ɗanmu ya samu ci gaba. Da wannan idon na kalli lamarin, shi ne kuskurena. Kuma da na sake bin lissafin, dattijon ya fi ni gaskiya. Kofin 1990 ragowar tsohon gini ne, su Mark Messier, tsoffin abokan wasan Gretzky, ne suka ɗauko shi, shi ma Messier ɗin aka sayar da shi ga New York a 1991. Carson bai ma zauna ba, shekara ɗaya da 'yan kai ya koma Detroit. Bayan nan sun kai wasan ƙarshe a 2006 da 2024 da 2025, duka aka doke su. Kuɗin an kashe su tuntuni, mutum-mutumin Gretzky kuwa yana nan tsaye a ƙofar filin wasansu, ɗauke da kofi sama da kansa. Kullum ina wuce shi a hanyar aiki.

Amma abin da ya hana ni barci a daren ba hoki ba ne. Gonar Baba ce.

Gonarmu ta bakin titi, wadda muka gada tun daga kakanmu, mai ɗorawa biyu a tsakiya inda Inna ke ajiye mana fura lokacin noman farko, ita Baba ya sayar aka biya kuɗin makarantata da na jirgi. Yanzu gari ya cimma wajen, an yanka ta fuloti-fuloti, kuɗin fuloti biyu ya fi abin da aka ba Baba a kan gonar duka. Yayanmu babba ba ya gajiya da wannan lissafi. A zauren WhatsApp na gida sai ya turo hoton gidajen da aka gina a wurin, bai rubuta komai a ƙasa ba, kowa ya gane. Ran nan ya fito fili ya ce da an yi haƙurin shekara uku da yanzu kowa na da gidan kansa.

Na ji zafi, na so in ce masa lokacin da aka yi cinikin ai yana zaune a zaure, shi ya ƙirga kuɗin, bai ce uffan ba. Na so in ce ni ke biyan kuɗin makarantar ƙannenmu biyu, ni na sayi maganin Inna na wata shida, da hannun nan da sanyi ya farfasa. Wallahi ina alfahari da haka. Sai dai ni ma in na kwanta lissafin nake yi, kuma bai taɓa fita daidai ba. Abin da na yi wa dattijon nan shi Yaya yake yi mini, ya kawo alƙaluma a inda ake maganar abin da ya fi kuɗi. To amma ni ne abin da aka karɓo a madadin gonar, kuma ban san ko na kai ta ba.

Baba bai taɓa ɗaga maganar ba, ko sau ɗaya. Na kira shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, da niyyar in tambaye shi ko yana nadama. Ya riga ni: “Kana dai rufe ƙirjinka ko? An ce sanyin can kashe mutum yake.” Na ce ina rufewa, Baba. Ya ce Allah Ya yi albarka, ya miƙa wa Inna wayar.