Godiya ga waɗanda suka fito mana da Baba

Alhamdu lillahi. Jiya ne na fara yin barci har kiran asuba ban farka a firgice ina lalubar ƙasa in ji ko da ruwa ba. Kun bi mu da tambaya da addu'a tun daren da gulbi ya shigo mana, ba sai na maimaita ba. Har yanzu muna ajin firamaren da aka sauke mu, yara lafiya, zazzaɓin Baba ya sauka.

Mu mutanen Argungu da ruwa muka tashi. Amma tun ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar fadama ta rushe ɗakinmu na ƙasa, ba mu sake kwana cikin ginin kanmu ba. Zana ce da tsohon kwano da buhunan taki da muka ɗinke, can gangare inda babu mai korarmu. Maƙwabtanmu a wurin, in ba gurgu ba, makaho ne ko tsohuwa marar kowa.

Baba shan inna ta same shi tun yana yaro, kekensa shi ne ƙafarsa. A daren nan ruwa ya kai gwiwa, keken ya kafe cikin laka, ga goyo a bayana, ga yara biyu riƙe da zanena, ga duhu. Na ja, na tura, ko motsi bai yi ba. Sai ya kama hannuna ya ce, “Ɗiyata, tahi da yara. Ni na ci zamanina.” In na rufe ido har yanzu ina jin muryar.

Sai ga hasken tocila. Mai tocilar ya hana ni ambaton sunansa, to ban ambata ba, amma duk mai sayen kifi wajen Matan Fada ya san masuncin nan mai jan kwalekwale. Ya durƙusa cikin ruwa ya ce, “Baba, hau bayana.” Baba ya ce masa yana da nauyi. Ya ce, “Na sha ɗaukar giwan ruwan da ya hi ka.” Haka ya goya shi har tudu.

Abin da ya biyo baya ne ma ba na iya faɗa ba kuka. Kwana uku Baba yana rarrafe cikin taɓo zuwa bayan gida. Da aka zo rubuta sunaye don rabon kaya, layi aka ce a yi, wanda ba ya tsayuwa kuwa ba shi da layi. Ya daina ci, ya daina magana. Ran na huɗu da la'asar sai ga bawan Allahn nan yana turo keken. Ashe komawa ya yi, ya nutsa ya ciro shi, ya wanke, ya kai wa mai gyara aka zuba mai aka liƙe taya. Baba da bai yi kuka cikin ruwa ba, ranar ya yi.

Kai masunci, Allah ya goya ka ranar da ƙafa ba ta tsayuwa. Allah ya sa albarka a komarka, ya raya zuri'arka, ya jiƙan mahaifanka. Inna mai ƙosai ta bakin kasuwa da ke aiko mana koko kullum, limamin unguwarmu da ya tsaya sai da aka rubuta sunan Baba, ma'aikaciyar jinyar da ta ba mu gidan sauro nata na kanta, Allah ya biya ku da Aljanna.

'Yan'uwanmu na Birnin Kebbi, mun san hidima ta yi yawa. Baba dai ya tambaye ni sau biyu ko kun bugo waya.

Yau da asuba da kansa ya tuƙa kekensa zuwa masallaci.