Kayan da Kwastam Ba Sa Aunawa

Duk lokacin da aka kawo rahoton cinikayya tsakanin ƙasashe, abin da ake lissafa mana shi ne tan nawa aka fitar, dala nawa ta shigo. Ni kuwa, da yake darasin kasuwanci nake koyarwa, wata tambaya ce daban ta fi damuna: bayan jirgi ya ɗauki kaya ya tafi, me mutanen da suka haɗa kayan nan suka iya yau wanda jiya ba su iya ba? A ganina amsar wannan ce ke raba ƙasar da ciniki ya ɗaga da wadda ta shekara hamsin tana sayar da abu ɗaya tana nan inda take.

Ban san labarin da ya fi na ɗinkin Bangladesh fito da wannan fili ba. A 1974 wani tsari ya fara aiki wanda ya ba Amurka da ƙasashen Turai damar ƙayyade yawan tufafin da kowace ƙasa za ta sayar musu. Koriya ta Kudu ta cike nata kason. Ga masu saye, ga ƙwarewa, amma babu damar ƙara aikawa. Sai kamfanin Daewoo na Koriya ya shiga neman ƙasar da ba a sa wa ƙa'ida ba, ya ƙulla yarjejeniya da Noorul Quader, wani tsohon ma'aikacin gwamnati ɗan Bangladesh da ya kafa kamfanin ɗinki na Desh Garments. A 1979 aka kwashi mutum 130 daga Bangladesh zuwa masana'antar Daewoo da ke birnin Busan na Koriya, suka yi watanni suna koyon aiki. Da suka dawo, masana'antarsu ta fara ɗinki a Chittagong a 1980.

Yarjejeniyar ta shekara biyar ce, amma ba a cika shekara biyu da fara ɗinki ba Desh ya ga zai iya tsayawa da ƙafarsa. Abin da ya biyo baya ya fi ɗaukar hankalina. Cikin waɗancan 130, mutum 115 sun bar Desh a shekarun 1980, wasu suka buɗe nasu kamfanoni, wasu suka jagoranci na wasu. Kamfanin ya yi asarar mutanensa, ƙasar ta samu sana'a. Yau kimanin mutum miliyan huɗu ke aiki a masana'antun tufafi na Bangladesh, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samu daga fitar da kaya daga nan yake fitowa.

Me suka koyo a Busan? Ai akwai teloli a Bangladesh tun da can. Abin da suka gani shi ne yadda ake raba riga ɗaya zuwa ayyuka da yawa, wannan ya ɗinka wuya, wancan hannu, wani maɓalli, har riguna dubu su fito ba wadda ta fi wata tsawo. Sun koyi karanta takardar awo da mai saye ya aiko daga wata nahiya, da duba kaya kafin a rufe kwali, da cewa ranar da aka yi alkawari ita ce ranar, domin jirgi ba ya jiran kowa. Har gwamnati ta koyi nata: ta yarda a shigo da yadi ba haraji muddin ɗinkawa za a yi a fitar, ta kuma yarda mai masana'anta ya dogara da takardar lamunin da bankin mai saye ya buɗe masa ya karɓi yadi bashi. Da waɗannan biyun, wanda ba shi da babban jari ma ya samu shiga. An ce tafiya mabuɗin ilimi, to wannan tafiya ce da ta buɗe wa ƙasa guda.

Sai dai ba kowa ake kaiwa Busan ya dawo da abin kirki ba. Wanda bai iya karatu da lissafi ba zai ga injuna ya yi mamaki ya dawo. Nan makaranta ke shigowa. Ita kanta Koriya, kafin 1960 kusan kowane yaro a cikinta yana firamare, alhali tana cikin ƙasashe matalauta. A 1964 ne kayan da ta fitar suka kai dala miliyan 100, kuma a shekarun nan da gashin kanti da allunan katako da tufafi take cin kasuwa. Zuwa 1977 ta kai dala biliyan 10. Duk lokacin da ta so hawa mataki, daga tufafi zuwa ƙarfe, daga ƙarfe zuwa jiragen ruwa da motoci da kayan lantarki, akwai matasan da makaranta ta riga ta shirya. Taiwan ma haka: a 1976 ta tura matasan injiniyoyi kamfanin RCA a Amurka su koyi ƙera ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ke cikin na'urori, a 1987 aka kafa kamfanin TSMC mai ƙera su, yanzu fiye da rabin irin wannan ƙira da kamfanonin duniya ke bayarwa kwangila a hannunsa take.

Shi ya sa nake taka-tsantsan idan na zo koyar da ra'ayin David Ricardo, masanin tattalin arziki ɗan Ingila. Abin da ya rubuta a 1817 gaskiya ne: ƙasashe biyu na cin riba idan kowacce ta mayar da hankali kan abin da ya fi mata sauƙi, suka yi musaya. Amma ɗalibi na iya fita aji da tunanin cewa abin da ƙasa ta iya ƙaddararta ce ta har abada. Da Koriya ta ɗauka haka, da har yau gashin kanti take kitsawa.

Ɗanyen kaya kuwa ba ya koyar da yawa. Kwaddibuwa da Gana ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma manyan kamfanonin cakulan a Turai da Amurka suke, kuma manomi ɗan kaɗan yake samu daga kuɗin da mai saye ya biya. Suwizalan ba ta da gonar kofi, duk da haka tana cikin ƙasashen da suka fi samun kuɗi daga sayar da gasasshen kofi. Riba ta taru a wajen haɗi da ɗauri da suna da sanin abin da mai saye ke so, kuma duk waɗannan a kan mutane suke.

Ba zan ɓoye inda abin ke ciwo ba. Masanin tattalin arziki David Atkin ya bi diddigin Meziko tsakanin 1986 da 2000, lokacin da masana'antun fitar da kaya suka yawaita, ya gano cewa a kan kowane sabon aiki 25, yaro ɗaya ya bar makaranta a aji tara maimakon ya kai aji goma sha biyu. Aikin bai buƙatar dogon karatu, albashi na nan kusa, sai yaro ya ajiye littafi. A Bangladesh kuma Rachel Heath da Mushfiq Mobarak sun ga akasin haka: 'yan matan ƙauyukan da ke kusa da masana'antu sun fi daɗewa a makaranta, saboda iyaye sun ga wadda ta iya karatu da lissafi ta fi samun aiki. Wato masana'anta na iya cika aji, tana iya kwashe shi, ya danganta da abin da take nema daga mai neman aiki. Kuma a ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza da ke Bangladesh ya rushe a kan masu ɗinki, mutum 1,134 suka mutu, bayan an ga tsaga a bango tun jiyansa aka kuma tilasta musu komawa bakin keke. Araha irin wadda ake saya da ran talaka ba ci gaba ba ce, kuma raina yana ɓaci duk lokacin da aka ba da labarin nasarar ƙasar aka tsallake wannan rana.

Akwai kuma wani ilimi da ake rainawa, wanda rashinsa ke karya ƙananan 'yan kasuwa tun a cinikinsu na farko da waje: ilimin takarda. Mutane da yawa na ɗauka cewa idan sun sayi kaya a kan sharaɗin CIF, wato farashin da ya haɗa kuɗin kaya da inshora da jirgi, mai sayarwa ne ke da alhakin kayan har su iso, tunda shi ya biya kuɗin jirgi da inshora. A ƙa'idar Incoterms kuwa, wato sharuɗɗan cinikin ƙasa da ƙasa da suka fayyace nauyin mai saye da na mai sayarwa, da zarar an ɗora kaya a jirgi a tashar can, asarar duk abin da ya same su ta koma kan mai saye, daidai da sharaɗin FOB inda mai saye ne ke biyan kuɗin jirgi, kuma inshorar da aka wajabta wa mai sayarwa mafi ƙaranci ce. Kowane kaya yana da lamba mai alƙaluma shida a tsarin da hukumomin kwastam na duniya ke bi tun 1988, kuskure a lambar nan na iya canza haraji ko ya sa kwantena ta kwana makonni a tasha kuɗin ajiya na hawa. Banki kuma, a cinikin takardar lamuni, takardu yake dubawa, ba ya buɗe kwali. Kayanka na iya zama lafiya ƙalau a ƙi biyanka saboda nauyin da ke takardar lodi ya saɓa wa na rasit.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ɗan sakandare. Ni a ajina nakan raba wa ɗalibai takardar lodi da rasit da jerin kaya na ciniki ɗaya, in ɓoye saɓani a ciki, in ce su zama ma'aikatan banki su yanke ko za a biya. Wasu kan kama kwanan wata, wasu sunan tashar da aka rubuta iri biyu, daga nan gardama ta kaure a kan wa zai biya kuɗin jinkirin, mai saye ko mai sayarwa, kuma sai sun koma sharaɗin da aka sa wa hannu kafin su iya rabawa.