Jirgina a tafkin Chelenko

Tun kafin gari ya gama wayewa nake sauka bakin ruwa a Puerto Río Tranquilo, kuma abin da nake fara yi shi ne in ɗaga kai in dubi gajimaren da ke kan duwatsun yamma. Idan sun kwanta luf, to yau akwai fita. Idan kuwa na ga sun yi sulɓi kamar faranti a kife, na san kafin azahar tafkin nan zai tashi, sai in fara lissafin wa zan ɗauka da sassafe, wa kuma zan ba haƙuri. Sai bayan haka nake buɗe murfin inji.

Jirage biyu gare ni, ina kai baƙi yawon ruwa a yankin Aysén, can kudancin ƙasar Chile, cikin Patagoniya. Ƙaramin yana tafki, babban mai rumfa yana ɗaure a gaɓar teku. Tafkin nan suna uku gare shi. Mutanen Chile na ce masa General Carrera, na Ajantina na ce masa Buenos Aires, domin iyakar ƙasashen biyu ta ratsa shi. Ni dai tsohon sunansa na fi so, Chelenko, wanda ake dangantawa da mutanen Tehuelche, ana kuma fassara shi da ruwa mai hadari. Wanda ya raɗa sunan ya san abin da ya gani. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 1,850, wuri mafi zurfi a cikinsa mita 586, kuma duk Chile babu tafkin da ya kai shi.

Da kanikanci na zo garin nan. Wani dattijo ya kawo mini injin jirginsa da ya ƙi tashi, na kwance shi na gyara, ya tsaya a kaina har na gama bai ce uffan ba. Washegari ya dawo ya ce yana neman yaro. Na yi zaton tuƙi zai koya mini. Ina! Kaka guda cur na yi ina kwashe ruwa daga cikin jirgi, ina ɗaure igiya, ina sa wa baƙi rigar ceto. Ranar da haƙurina ya ƙare na ce masa, “Baba, yaushe zan riƙe sitiyari?” Bai ko dube ni ba. Ya nuna can tsakiyar tafki da haɓarsa ya ce, “Ɗana, me ka gani?” Na ce ruwa. Ya ce to ban kai ba tukuna.

Sai da na ƙara watanni kafin idona ya buɗe. Akwai wani baƙin layi da ke bayyana a fuskar ruwa daga nesa, siriri kamar an ja gawayi, kuma tsakanin ganinsa da isowar iskar ba wani lokaci mai yawa ba ne. Ranar da na riga shi nunawa, ya matsa gefe ya bar mini wurin zamansa. Allah ya ji ƙan Baba. Har yau idan na juya kan jirgi na fuskanci raƙuman ruwa a karkace, na rage wuta a kan tudu na ƙara a gangare, hannunsa nake ji a kan nawa.

Yawancin baƙina saboda kogwannin marmara suke zuwa. Kada mai karatu ya kawo jar marmarar da muka sani a ransa. Wannan farin dutse ne mai jijiyoyi ruwan toka da shuɗi, wanda raƙuman ruwa suka yi dubban shekaru suna lasa har suka fafe shi, suka bar ginshiƙai da ƙofofi da soraye. Akwai wanda ake kira Katedral, akwai ƙaramin da ake kira Kapiya, wanda ke tsaye cikin ruwa a kan siraran ƙafafu har mutum ya ce yanzu zai faɗi. Tun 1994 gwamnati ta sa wurin cikin wuraren da doka ta kare. Launin ruwan kuwa, tsakanin shuɗi da kore, garin dutse ne ke kawo shi: tsaunukan ƙanƙara suna niƙa duwatsu a ƙarƙashinsu, ƙoramu su kwaso garin su zubo tafki, ya ƙi nutsewa, hasken rana ya daki shi. Da safe idan rana ta shigo ta ƙasa-ƙasa, launin yakan hau rufin kogon yana rawa. Na ga wannan sau ba adadi, kuma har gobe ina kashe inji in yi shiru tare da baƙin.

Shiga kogon shi ne inda ake gane matuƙi. Ni ina kashe wuta tun daga waje, in bar jirgi ya sulala da sauran ƙarfinsa, yarona yana gaba yana tsare gefe don kada mu gogi dutse. Tsayin ruwa ma ba ɗaya ba ne duk shekara. Daga Satumba zuwa Nuwamba, kafin narkewar ƙanƙara ta yi ƙarfi, ruwa yana ƙasa, ƙofofi a buɗe. Idan zafi ya kama a Janairu da Fabrairu, domin nan lokutan a juye suke, ruwa ya hau, ƙofar da na shiga jiya ba lallai in shige ta wata mai zuwa ba. Wannan ba ya cikin kowace taswira.

Ga kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tun da hotunan wurin nan suka bazu a intanet, duk wanda ya samu kuɗin tsohon inji ya zama matuƙi. Suna tare baƙi tun a bakin mota, su karya farashi, su cika jirgi maƙil, su kai su a guje su dawo da su a guje don su sake ɗaukar wasu. Na sha ganin wanda ya shiga kogo da inji a kunne, hayaƙi ya turnuƙe, baƙi na miƙa hannu suna shafa bango. Dutsen da ruwa ya yi dubban shekaru yana gogewa! Sannan baƙo ya zo wurina ya ce, “Ai wancan ya ce zai kai ni a rabin kuɗinka.” Nakan ce masa ya je ya ɗaga rigar ceton wancan ya duba madaurinta, in ya gamsu sai ya hau. Araha ba ta ado, a kan ruwan nan kuwa abin ya wuce maganar ado.

Ba tsoratarwa nake yi ba. A Disamban 2015 Douglas Tompkins, Ba'amurken nan da ya kafa kamfanin tufafi na The North Face, wanda ya sayi filaye masu yawa a Patagoniya don a mayar da su gandun daji, kwalekwalensa ya kife a tafkin nan cikin iska. An ciro shi, an kai shi asibiti a Coyhaique, amma sanyi ya riga ya gama da shi. Mutumin da ya ƙware a ruwa ke nan. Shi ya sa duk ranar da ofishin sojojin ruwa ya ce an rufe tasha, ko ranar da ba a rufe ba amma ni na ga baƙin layin nan, ba na fita. Na mayar da kuɗin mutane sau da yawa, wasu sun tafi da fushi. Mutanen yankin nan suna da karin magana, wai mai gaggawa a Patagoniya ɓata lokacinsa yake yi, kuma ita nake karanta wa masu fushin.

Babbar tafiyar ita ce ta tsaunin ƙanƙarar San Rafael, wadda ke cin yini guda. Muna tashi da asuba a mota, mu bi kwarin Exploradores ta hanyar tsakuwa, dazuzzuka a jiƙe, ruwa na zubowa daga kan duwatsu ta ko'ina, har mu kai inda babban jirgin yake. Daga nan ruwan gishiri ne. Mu bi mashigin Elefantes, wani lokaci kifayen dolfin su raka mu suna tsalle a gefe, sai mu kutsa cikin kogin Témpanos, inda gutsattsarin ƙanƙara ke fara fitowa ɗaya-ɗaya. A nan sai an san lokacin cikar teku da janyewarta, domin ruwan mashigin yana gudu da ƙarfi, yana tafe da ƙanƙara a bayansa.

Da an fito fili sai ga bangon ƙanƙarar. Tsaunin ƙanƙarar San Rafael yana gangarowa daga babban filin ƙanƙara na arewacin Patagoniya har ya tsoma ƙafa a ruwan teku, kuma cikin irinsa masu kaiwa teku babu wanda ya fi shi kusa da ikweta, layin da ya raba duniya arewa da kudu. Gandun dajin gwamnati da yake ciki an kafa shi a 1959. Ƙanƙarar shuɗiya ce shar kamar an tsoma ta a marina, saboda nauyin shekaru ya matse ta ya fitar da iskar cikinta. Nakan kashe inji in ce kowa ya saurara. Da farko ƙaramar ƙara ce ta ko'ina, kamar ana soya wani abu, iskar da ta rage ce ke fashewa. Can sai a ji kamar aradu, wani ɓangare mai girman bene ya ɓalle ya faɗa ruwa. Kafin baƙi su gama salati ko ihu, ni na riga na tada inji na juya kan jirgi ya fuskanci igiyar da ke tafe.

Ba na matsawa kusa, ko an roƙe ni, ko an ce za a ƙara mini kuɗi. Curin ƙanƙarar da ke yawo ma ba na raɓarsa, don abin da ido ke gani kaɗan ne, mafi yawansa yana ƙasa, kuma yakan juye ba sallama. Masu arahar can su ne ke kai mutane gindin bango don hoto. Baba ya taɓa nuna mini inda bangon yake a zamanin ƙuruciyarsa, yau wurin ruwa ne fetal, muna wucewa ta kansa. Duk lokacin da na isa daidai nan sai na faɗa wa baƙi.

Al'adar jiragen nan ita ce a ciro ɗan guntun ƙanƙara a jefa a kofin giya. Ni ba na ba da giya. Shayi mai citta nake dafawa, da burodin da maiɗakina ke gasawa da dare, guntun ƙanƙarar kuma in miƙa wa kowa ya riƙe a tafin hannunsa ya duba ta cikinsa, garau kamar gilashi.

Mai niyyar zuwa ya zo tsakanin Nuwamba da Maris, ya sauka a filin jirgin sama na Balmaceda, ya biyo hanyar Carretera Austral zuwa kudu. Ya taho da rigar sanyi mai hana iska, da hular da ke rufe kunne, ya kuma ware kwana uku a garin nan ko da tafiya ɗaya yake so, saboda ranar da iska za ta hana mu. Fitar farko ta safe ita ce tawa, kuma mutum 10 kawai nake ɗauka.