Kwana Biyu a Daqing, Inda Ɗanyen Mai Ke Sandarewa

Jirgin ƙasa ya tashi da mu daga birnin Harbin, a arewa maso gabashin ƙasar Sin, da sassafe, cikin watan Janairu, gari bai gama wayewa ba. Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci. Ta taga ba abin da ake gani sai fili fari fat, ƙanƙara iya ganinka. Da muka doshi Daqing sai injinan zuƙo mai suka fara ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, wasu a bayan gidaje, wasu a gefen titi, suna sunkuyar da kai suna ɗagowa. Tafintan da aka haɗa mu da shi ya ce sunan da mutanen garin suka sa musu yana nufin mai faɗuwa gaisuwa. A 1959 aka gano mai a nan.

Kakin da ke cikin ɗanyen mai, irin wanda ake yin kyandir da shi, shi ne ya kawo ni, ba yawon buɗe ido ba. Ɗanyen man Daqing yana ɗauke da kaki kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma da zarar zafinsa ya sauko wajen digiri 30 sai ya daina zuba. A waje kuwa ranar ma'auni ya wuce 20 ƙasa da sifili. Na zo da tunanin da na tsinta a aji, cewa sinadarin polima (dangin roba, mai dogayen ƙwayoyi kamar sarƙa) magani ne sha yanzu magani yanzu: a zuba a bututu, kaki ya ɓace.

Washegari a ɗakin gwaji wata injiniya mai furfura ta fara gyara mini zama. Ta ɗauko kwalabe biyu daga cikin ruwan sanyi, duka man iri ɗaya ne, sai dai na biyun an zuba masa polima. Ta kifa ta farko, ko motsi man bai yi ba, ya tsaya cak kamar man shafawa a gwangwani. Ta karkata ta biyu, man ya gangaro a hankali, da kauri dai, amma ya gangaro.

"To Malama, wannan an cire masa kakin ke nan?" na tambaya ta bakin tafinta.

Ta girgiza kai, ta nuna mini madubin ƙara girma. A digon farko, ƙwayoyin kaki sun fito sirara kamar allurai, sun sarƙe da juna sun zama raga, man ya maƙale a cikinta. Ta ce ko kashi 2 cikin 100 na nauyin man ne ya fito a wannan siffa, yana iya tsayar da sauran. A digo na biyu kakin yana nan daram, sai dai ya dunƙule guntu-guntu, kowane yana harkar gabansa.

Nan na fahimci dabarar. Polima irin su EVA (wani nau'in roba), ko waɗanda ake ce wa masu siffar matsefi saboda rassansu kamar haƙoran matsefi, jikinsu kashi biyu ne. Wani ɓangare ya yi kama da kakin, don haka idan ƙwaya ta fara haɗuwa sai ya shige cikinta kamar ɗan gida. Ɗaya ɓangaren kuma ba jinsinsu ɗaya ba, shi ke tokarewa ya hana ƙwayar miƙewa ta kamo 'yar'uwarta. Abin da ake zubawa bai taka kara ya karya ba, 'yan ɗaruruwa ne cikin miliyan. Amma yana da sharuɗɗa masu tsauri. Dole a zuba shi mai na da zafi, kafin kaki ya fara fitowa. In an makara, ihu ne bayan hari. Kuma tsawon haƙoran matsefin, wato ɓangaren da ya yi kama da kakin, sai ya dace da tsawon kakin da ke cikin man. Wanda ya yi aiki a wannan rijiya yana iya zama aikin banza a waccan.

Ta kuma nuna mini wani ƙarfe mai kama da yatsa, ruwan sanyi na zagayawa a cikinsa. Sukan tsoma shi cikin mai mai ɗumi na wasu awoyi, su ciro su kankare abin da ya manne su auna. Haka bangon bututu yake: shi ya fi sanyi, can kaki ke taruwa, hanya ta yi ta tsukewa har famfo ya fara nishi.

Da yamma aka kai mu tashar tura mai a bayan gari. Gaskiyar magana, wuta ce ke riƙe da bututun nan, ba sinadari ba. Ana dafa man a tasha, a tura shi, kafin ya huce ya iso wata tashar a sake ɗumama shi. Na ga wani gutsuren bututu da aka yanke aka jingine, an naɗe shi da kumfar poliyuretan mai kauri, an rufe da baƙar roba. Ashe nan ma polima ce, tana aikin bargo. Abin da ma'aikatan suka fi tsoro shi ne tsayawa: in famfo ya mutu mai ya huce a ciki, tayar da shi sai an sha wuya. Rage wannan fargabar na cikin manyan dalilan zuba sinadarin.

Mun yi sa'a, mun tarar za a ciro abin goge bututu, wanda masu aikin mai ke kira alade (sunan ya ba ni dariya, don dai curin ƙarfe ne da fayafayan roba). Aka sauke matsi, aka buɗe murfi, tururi ya tashi. Gabansa ya turo tulin kaki baƙi ƙirin. Wani dattijon ma'aikaci ya ɗebo da shebur ya miƙo mini. Na dangwala da safar hannu: samansa taushi, cikinsa kuwa tauri kamar kyandir. Ya ce wanda ya daɗe a bango shi ke yin tauri haka, shi ya sa ba a jinkirta tura alade, don in kakin ya yi yawa sai aladen kansa ya maƙale a hanya.

Na ciro waya zan ɗauki hoto, sanyi ya riga ya kashe ta. Na koma mota na rubuta abin da na gani da fensir, domin tawadar birona ita ma ta ƙi zuba.